Yoyon Rufi da Fumfuna a Motar Gida: Ɓarnar da Ake Gani a Makare

A Amurka da Kanada da ƙasashen Turai akwai wata irin mota da ake ƙerawa da gado da kicin da banɗaki a cikinta, mutum ya tuƙa gidansa ya tafi inda ya ga dama. Wasu don hutu suke sayenta, wasu tsofaffi ne da suka yi ritaya suna gudun sanyin arewa zuwa Arizona ko Florida duk hunturu, wasu kuwa kuɗin haya ne ya fi ƙarfinsu suka tare a ciki dungurungum. Sana'ar ba ƙarama ba ce. A shekarar 2021, lokacin da annobar korona ta sa mutane suka guji jirgi da otal, masana'antun Amurka sun fitar da irin waɗannan motoci da tireloli na kwana kimanin 600,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Mafi yawansu daga yanki guda suka fito, wato Elkhart da kewayenta a jihar Indiana.

Wanda ya saba da mota zai ɗauka inji ko giya ne ke kai irin wannan mota ga 'yan gwangwan. Ba haka abin yake ba. Sau da yawa za a tarar injin lafiyarsa ƙalau, bai ma ci wata tafiya mai yawa ba, amma ɗakin da aka ɗora masa ya ruɓe. Ruwa ne ke kashe ta, kuma galibi ta rufi yake shiga.

Dalili yana cikin yadda ake ƙera ta. Motar gida ɗaki ne da aka ɗora a kan ƙashin babbar mota, kuma tilas ya kasance marar nauyi, in ba haka ba mai ya cinye mai shi, taya kuma ta kasa ɗauka. Don haka bangon ba wani kauri gare shi ba: fatar faiba ko alminiyon a waje, siririn falanki a bayanta, soson kare zafi a tsakiya, sai wani siririn falankin a ciki da aka lulluɓe da takardar ado. Duka an manne su da gam. Rufin kuwa, a yawancin ƙirar Amurka, falanki ne aka shimfiɗa wa roba guda ɗaya mai faɗi, ko dai wadda ake kira EPDM ko TPO. Ita robar da wuya ta yi yoyo da kanta, sai dai in reshe ya yage ta. Matsalar ita ce ramukan da aka huda a jikinta. A hau tsani a leƙa rufin kowace motar gida, za a ga na'urar sanyaya ɗaki, tagar sama ta banɗaki, ƙofofin iska biyu ko uku, bututun fitar da warin tankin bahaya, hular ramin da ke fitar da zafin firji, eriyar talabijin, ƙafafun tsani, yanzu kuma ga farantan sola. Kowane ɗayansu rami ne, kowane rami an kewaye shi da sukurori, kowane sukuru shi ma ɗan raminsa ne. Abin da ya tsaya tsakanin waɗannan ramuka da ruwan sama shi ne wani danƙo mai laushi da ake zubawa a kansu.

Danƙon nan ba na har abada ba ne, kuma a nan ne yawancin masu motocin ke yin kuskure. Rana tana gasa shi ya bushe. Zafin rana da sanyin dare suna sa roba da alminiyon da filastik su buɗe su tsuke, kowa da nasa gwargwadon, danƙon da ke tsakaninsu yana shan ja. Sannan ga tafiya. Gidan ƙasa yana zaune wuri guda, wannan kuwa yana gudun kilomita ɗari a awa, yana murɗewa a kwana, yana faɗawa rami. A ƙasashen sanyi ruwa kan shiga ɗan tsagi ya daskare, ƙanƙara ta buɗa tsagin, in ta narke ƙarin ruwa ya samu hanya. Shi ya sa littafin da masu ƙera motocin ke bayarwa yake cewa a duba danƙon rufi akai-akai, wasu sun ce duk wata uku. Mutane ƙalilan ne ke karanta wannan shafi. Mai mota ya san ana canza baƙin mai da birki, amma bai ɗauki rufi a matsayin abin da ke ƙarewa ba.

Lissafin ruwan ma abin dubawa ne. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce. Rufi mai tsawon mita 8 da faɗin mita 2.5 murabba'in mita 20 ne. In aka yi ruwa na milimita 25, wanda ba wani mamako ba ne, lita 500 ce ta bi ta kansa. Rufin kuma kusan a shimfiɗe yake, in motar ta ɗan karkata a inda aka ajiye ta, ruwa sai ya kwanta a gefe guda. Ko cokali biyu ne ke shiga a kowane ruwa, in aka yi wata shida ana haka, falanki ya sha ya ƙoshi.

Abin da ya sa ake makara wajen ganewa shi ne ruwan ba ya ɗiga a kan mutum yadda kwanon gida ke yi, a kawo bokiti a tara. Yana shiga ne tsakanin fata biyu da ba sa barin iska ta ratsa, roba a sama, takardar ado mai santsi a ƙasa. Ba hanyar bushewa. Sai ya bi katakon rufi a kwance, ya gangara ta kusurwa, ya sauka cikin bango, ya taru a daɓe. Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa: ramin yana wajen eriya a gaba, amma laushin daɓen a bayan gado zai bayyana. Kafin tabo ruwan ƙasa ya fito a silin, galibi ruwan ya daɗe yana aiki. Motocin da ke da gado a saman kan direba, waɗanda ake kira rukunin C a Amurka, sun yi ƙaurin suna a nan, domin goshin nan shi ke karɓar iska da ruwa kai tsaye, ga fitilu da taga da mahaɗa duk a jikinsa.

Fumfuna ba daga wani wuri take zuwa ba. Ƙwayoyinta suna yawo a iska ko'ina, ciki da waje, ba mai iya kore su. Abinci take nema da danshi da ɗumi. Abinci kuwa ga shi nan birjik: falanki, takarda, gam, yadin kujera, bayan kafet, ƙura. Ɗumi ma akwai. Danshi kaɗai ya rage, kuma hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta ce in abu ya jiƙe ba a busar da shi cikin awa 24 zuwa 48 ba, fumfuna na iya kamawa. A kwatanta wannan kwana biyu da yadda ake amfani da motar: a yi hutun sati biyu ko uku, a kulle ƙofa da taga, a ajiye ta a fili daga Oktoba har Afrilu ba mai leƙawa.

Ya kamata a raba abu biyu da ake yawan haɗawa. Fumfuna a saman katako take zama, tana ɓata iska da kamanni, amma ba ita ke karya shi ba. Mai karya katako wani dangin naman gwari ne da ke cin jikin itacen kansa, kuma yana buƙatar jiƙa mai ɗorewa. Ƙa'idar da masu aikin katako ke bi ita ce in danshin itace yana ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, ruɓa ba ta samun wuri. Aikinsa irin na gara ne a azara, waje lafiya lau, ciki gari. Fumfuna ke fara zuwa, don haka ganinta ko jin warinta gargaɗi ne cewa ruɓa na tafe ko ta riga ta iso. A bangon faiba kuma akwai alama ta uku: ruwa ya narkar da gam, fatar waje ta saki falanki, in mutum ya tsaya a gefe ya kalli tsawon motar da hasken safe zai ga bangon ya yi kumburi ko ya yi igiyar ruwa. In abu ya kai haka, gyaransa sai an ɓare bangon.

Ba kowane danshi ne kuma daga rufi yake ba, kuma nan mutane da yawa ke ɓarnar kuɗi. Numfashin mutum biyu da suka kwana a ɗan ɗaki a rufe ya isa ya jiƙa gilashi. Wanka da girki suna ƙarawa. Gas ɗin girki kansa ruwa yake fitarwa, kilo ɗaya na furofen in ya ƙone yana samar da ruwa kusan kilo 1.6, kuma in murhu ne ko hita marar bututun hayaƙi, duk a cikin ɗakin zai tsaya. Tururin nan yana neman wuri mai sanyi ya zauna: bakin taga na alminiyon, cikin kabad da ke jingine da bangon waje, da ƙarƙashin katifa, inda ɗumin jiki ke haɗuwa da falanki mai sanyi. Wanda ya ɗaga katifa ya ga baƙin ɗigo-ɗigo kan iya zargin rufi alhali rufin bai yi laifi ba. Bambancin ba wuya: raɓar ciki tana bin sanyi da yawan mutane, tana bazuwa a wurare da yawa, yoyo kuwa yana bin ruwan sama, yana nacewa wuri guda ko da ba kowa a motar.

Sai batun lafiya, inda tsoro da gaskiya suka cakuɗe. Abin da aka tabbatar ba kaɗan ba ne. Cibiyar nazarin likitanci ta Amurka ta fitar da rahoto a 2004, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata a 2009, duka biyun sun nuna cewa zama a ɗaki mai danshi da fumfuna yana da alaƙa da toshewar hanci, tari, shesheƙa da tashin asma ga masu ita. Ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar mai shan maganin ciwon daji ko wanda aka yi wa dashen gaɓa, ko mai tsohon ciwon huhu, wani nau'i mai suna Aspergillus na iya kama huhu, kuma wannan ciwo ne mai kisa. A motar gida haɗarin na iya fin na gida tsanani saboda ƙanƙantar wurin. Iskar da ke ciki duka ba ta wuce ta ɗaki ɗaya matsakaici ba, hancin mai barci kuma bai fi kamu biyu ko uku daga bango ko silin ba.

Amma abin da ya fi kama zukatan Amurkawa shi ne abin da suke kira baƙar fumfuna mai guba, wato Stachybotrys. Tsoronta ya samo asali ne daga birnin Cleveland na jihar Ohio a 1993 da 1994, inda wasu jarirai suka yi fama da zubar jini a huhu, binciken farko ya alaƙanta abin da gidaje masu wannan fumfuna. A shekarar 2000 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta sake duba binciken ta ce alaƙar ba ta tabbata ba. Gyaran bai yi tafiyar da labarin farko ya yi ba. Har yau mutum zai ga baƙin tabo ya firgita, ya ga fari ko kore ya kwantar da hankali, alhali launi ba ya nuna komai game da haɗari, fumfuna baƙa iri-iri ce. Mu da muka san illar gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a rumbu mun san gubar gaskiya ce, amma ta hanyar ci aka tabbatar da ita, shaƙa a ɗaki wani batu ne daban da hujjarsa ba ta kai nan ba. A ganina wannan tsoro ya yi ɓarna ta fuska biyu. Ya buɗe kasuwar gwajin iska da feshi masu tsada, ya kuma ɗauke hankali daga tambayar da ta fi muhimmanci, wato ta ina ruwan ke shigowa. EPA da kanta ta ce in ana ganin fumfuna da ido, galibi ba a buƙatar gwaji, kuma babu wani ma'aunin gwamnatin tarayya da ya ce ga adadin ƙwayoyin da ya halatta a iska. Ko wace iri ce, aikin ɗaya ne.

Aikin kuwa yana farawa ne daga sama. Mai gyara na kirki zai bi kowace mahaɗa a durƙushe, yana danna danƙo da yatsa, yana neman tsagi komai siririnsa da gefen da ya ɗago. Zai kwance murfin na'urar sanyaya ɗaki daga ciki ya duba ko sukurorin da ke matse soson da take zaune a kai sun yi sako-sako. In ramin ya ƙi bayyana, akwai dabara mai kyau: a rufe ko'ina, a hura iska cikin motar da fanka mai ƙarfi ta ƙofar iska ɗaya, a fesa ruwan sabulu a jikin motar daga waje. Duk inda kumfa ta taso, nan ne hanyar ruwa. Abin da bai kamata ba shi ne wanda kowa ke fara yi, a sayo silikon a lafta a kan tsohon danƙo. Silikon ba ya riƙe robar rufi da kyau, kuma in ya bushe ba abin da ke manne masa, har shi kansa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, wanda zai zo daga baya sai ya kankare shi tas kafin ya fara aiki. Haka nan kalanzir ko fetur ko duk wani abin goge-goge mai sinadarin mai yana kumbura robar EPDM ya lalata ta.

In an toshe ruwa, sai ciki. Abin da ba ya shan ruwa, kamar ƙarfe da gilashi da filastik, ana wanke shi da sabulu a busar. Abin da ke shan ruwa kuma fumfuna ta ratsa shi, kamar soso da kafet da katifa da siririn falanki, cirewa ake yi a zubar. A nan ne bilic ke yaudarar mutane. Yana ɗauke launin, wuri ya yi fes, amma saiwar tana cikin falankin, ruwan da ke cikin bilic ɗin ma ƙarin jiƙa ne. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Ko da ta mutu ma, busasshiyar fumfuna na iya tayar da asma, don haka kashewa bai wadatar ba sai an kawar. Wanda ya nace sai ya yi amfani da bilic, kada ya kuskura ya haɗa shi da ruwan wanki mai amoniya, hayaƙin da zai tashi a ɗan wannan ɗaki na iya kwantar da mutum. EPA ta ba da ma'auni mai sauƙi: in wurin bai kai murabba'in ƙafa 10 ba, wato ƙasa kaɗan da murabba'in mita ɗaya, mutum na iya yi da kansa da safar hannu da tabarau da takunkumin N95. Sai dai a motar gida abin da ido ya gani ba shi ne ma'auni ba, tabo kamar tafin hannu a fuskar bango kan zama rabin bango in an ɓare. Bayan nan a bar wurin a buɗe da fanka ko na'urar tsotse danshi har sai ma'auni ya nuna katako ya bushe, sannan a rufe. Danshin iskar ciki kuma a riƙe shi ƙasa da kashi 60 cikin ɗari.

Wa zai biya? Galibi mai mota. Inshora tana biyan abin da ya faru farat ɗaya, reshe ya faɗo ko ƙanƙara ta fasa tagar sama. Yoyon da ya ɗauki watanni ana lissafa shi a rashin kula. Kamfanonin inshora na Amurka sun ƙara tsuke bakin jaka a kan fumfuna tun bayan wata shari'a a Texas a 2001, inda aka yanke wa wani kamfani biyan dala miliyan 32 a kan wani gida, duk da cewa kotun ɗaukaka ƙara ta zaftare kuɗin daga baya. Garantin masu ƙera motocin a Amurka ma sau da yawa shekara ɗaya ne ko biyu, kuma danƙon rufi a wuyan mai mota yake. Turai ta bi wata hanya da na fi ganin hikimarta. A Birtaniya da Jamus kamfanoni da dama suna ba da garantin hana shigar ruwa na shekaru masu yawa, wasu har goma, bisa sharaɗin a kai motar duk shekara a auna danshin bangonta a buga hatimi. Wanda ya tsallake shekara ɗaya na iya rasa garantin. Wasu na ƙorafin cewa hanyar tatsar kuɗi ce, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma tana sa a kama ruwa tun yana ɗan tabo a kusurwa, tana kuma bar wa mai saye na biyu takardar da zai duba.

Mai saye na biyu shi ne wanda abin ke ƙarewa a kansa. Motar da ta fara ruɓa ba ta ɓacewa, gangarowa take yi daga hannu zuwa hannu, farashi na sauka, har ta isa ga wanda ba shi da zaɓi. A titunan Seattle da Portland, inda ake shafe watanni ana yayyafi, za a ga tsofaffin motocin gida a jere da shuɗiyar tamfol a ɗaure a rufi, mutane na kwana a ciki da hitar gas, tagogi a rufe saboda sanyi. Duk sharuɗɗan fumfuna sun cika a nan, kuma shawarar a ɓare bango a sauya falanki ba ta da ma'ana ga wanda motar ita ce kaɗai matsuguninsa. Wasu motocin kuma gwanjo suke tafiya, inda dillalan da ke turo motoci Kwatano da Legas ke saye ta hoto a intanet. Hoto ba ya ɗaukar wari.

Duk wanda zai sayi irin wannan mota, hancinsa zai fara tambaya. A buɗe ƙofa bayan ta wuni a rufe, in warin tsohon rumbu ya bugi mutum, ko kuma aka tarar an cika ta da turare, akwai magana. A buɗe kowane kabad na sama a haska kusurwa da tocila, a nemi kan ƙusa da ya yi tsatsa da takardar bango da ta yi yamutsi. A taka daɓe a hankali, musamman bakin ƙofa da gefen banɗaki, a ji ko yana lotsawa. A danna silin kewaye da kowace ƙofar iska. Sabon fenti ko sabon falanki a wuri guda tak tambaya ce da mai sayarwa zai amsa. Na'urar auna danshi ta hannu ba ta kai kuɗin cika tankin motar sau ɗaya ba, masu duba motoci a Birtaniya kuma suna ɗaukar abin da ke ƙasa da kashi 15 a matsayin lafiya, abin da ya haura 20 a matsayin wanda sai an bincika. Zafin rani ko iskar hunturu na iya busar da bango har na'urar ta nuna ƙaramin adadi, amma katakon da ya riga ya ruɓe ba ya komawa, fumfunar kuma kwanciya kawai take yi har danshi ya dawo. In ruɓar ta kai katakon da ke riƙe rufi ko ta bi bango har daɓe, kuɗin gyara a tsohuwar mota kan zarce kuɗin motar kanta, abin da ya rage mai daraja a jikinta shi ne inji da ƙashi da taya.